Sefti bel a cikin kwandon motar ɗaga ma'aikata: ka saka, to ina ka maƙala ƙugiyar?

Kwanakin baya ina dawowa daga aiki wajen la'asar na tarar da masu gyaran fitilun kan titi sun faka motarsu a tsakiyar hanya, irin motar nan mai dogon hannu da kwando a baki da take ɗaga mutum har kan falwaya. Wani matashi ne a cikin kwandon, ba zai wuce shekara 25 ba, ya sha sefti bel sabo fil ruwan ɗorawa, madauri a kafaɗa madauri a cinya, komai daidai, wanda ya hango shi daga nesa zai ce wannan ya san aikinsa. Da na matso kusa sai na ga ƙugiyar igiyar a ƙirjinsa take, ya maƙala ta a jikin bel ɗin da yake sanye da shi don kar ta riƙa jan ƙasa tana damunsa, wato babu abin da ya haɗa shi da kwandon kwata-kwata, ga tireloli suna wucewa ta gefen motar kamar za su goge ta. Na tsaya har suka sauko da shi na ce ƙanena, wannan ƙugiyar ai ba a nan take zama ba. Ya yi murmushi ya ce Yaya ai aikin minti biyu ne, kuma kwandon ƙarfe ne ya kewaye ni har ƙugu, ta ina zan faɗo?

Wannan tambayar tasa ita ce ta sa na zauna rubuta wannan, don wallahi tambaya ce mai ma'ana, kuma yawancin masu hawa waɗannan injina ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ba su amsarta, an dai ce musu ku saka bel, sun saka, shi kenan.

Injinan nan a takardun aiki MEWP ake rubuta musu, kuma ba iri ɗaya ba ne, wannan shi ne abu na farko da ya kamata mutum ya riƙe. Akwai mai almakashi, wanda ƙarafunansa suke buɗewa kamar almakashi ya tashi da dandamali sama ɗoɗar, ba ya karkata hagu ko dama, za ka gan shi a manyan sito da shagunan zamani ana gyaran silin ko fitilu. Akwai kuma mai hannu, wanda kwandon yake can ƙarshen dogon hannu da yake miƙewa yana lanƙwasa yana juyawa, wani a kan mota yake kamar na masu fitilun titi, wani kuma yana da tayoyinsa na kansa kana cikin kwandon a sama kana tuƙa shi, irin na kamfanonin Genie da JLG da Haulotte. Ƙungiyar IPAF ta masu harkar waɗannan injina, wadda aka kafa a Ingila a 1983 kuma ita ke ba da katin shaidar iya tuƙa su da ake kira PAL mai aiki na shekara 5, ta raba su gida-gida, mai almakashi mai tafiya shi ne 3a, mai hannu mai tafiya 3b, mai hannun da sai an kafa shi wuri ɗaya an tokare shi da ƙafafu shi ne 1b. Maganar bel kusan duka a kan masu hannu take.

To ta ina za ka faɗo alhali ƙarfe ya kewaye ka? Duk wanda ya taso kusa da fadama ya san jigo, doguwar sandar nan da ake ɗora wa nauyi a gindi a ɗaura guga a baki. Ka taɓa gindin jigo kaɗan, bakinsa ya yi sama da nisa, kuma da sauri. Injin mai hannu jigo ne, nauyi yana ƙasa, kai kuma kai ne gugan. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2 da rabi ne, hannun kuma ya miƙe mita 20, sai tayoyin gaba suka faɗa ɗan rami na santimita 10 kacal, ramin da ko ɗan acaɓa ba zai rage gudu saboda shi ba, to can bakin hannun kwandon zai yi motsi na wajen santimita 80 a cikin ƙiftawar ido, sannan hannun ƙarfe ne mai tsawo, yana lanƙwasa ya dawo kamar bulala. Kwandon ya yi ƙasa ya dawo sama da ƙarfi, ƙafarka ta bar ƙasan kwandon, shingen nan da kake taƙama da shi tsayinsa wajen mita 1.1 ne, sai ka wuce ta samansa. Majaujawa injin yake yi da mutum, kuma mutumin bai yi ganganci ba, bai leƙa ba, bai taka ƙarfe ba, yana tsaye abinsa.

Kuma ba rami ne kawai yake jawo haka ba. Murfin kwata ya burma a ƙarƙashin taya, ko ƙafar tokare ta nutse a ƙasa mai laushi bayan an yi ruwa, ko mota ta zo ta bugi gindin injin, wanda shi ne abin da na ji wa wannan yaron tsoro ganin tirelolin nan, ko kuma wanda ya fi yawa a wurin masu aikin ƙarfe da masu sassabe bishiya: kwando ya saƙale a jikin wani ƙarfe ko reshe, mai tuƙi bai lura ba ya ci gaba da danna maɓalli, haidirolik yana ta tara ƙarfi a hannun, lokacin da abin zai kuɓuce sai ya fizge gaba ɗaya. A duk waɗannan babu lokacin da za ka ce bari in kama ƙarfe.

Saboda haka ne shawarar IPAF ga duk wanda zai shiga kwandon injin mai hannu ita ce ya saka bel na jiki duka, da igiya mai daidaitawa, a rage ta ta zama gajera yadda mutum ba zai iya fita daga kwandon ba. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da waɗanda suke maƙalawa ɗin. Hanya biyu ce ake amfani da bel a aikin sama. Akwai wadda igiya take tsare ka tun farko, ba za ka kai bakin inda ake faɗowa ba, kamar akuyar da aka ɗaure a turke da gajeriyar igiya don kar ta kai ga shuka. Akwai kuma wadda an yarda za ka iya faɗowa, aikin igiyar shi ne ta cafke ka a iska kafin ka kai ƙasa. A cikin kwando ta farkon ake so. Ita ta biyun tana da sharuɗɗa masu yawa da injin mai kwando ba kasafai yake cika su ba.

Bari in nuna da lissafi don a gane dalili. Igiyar cafkewa irin wadda aka fi sayarwa tsawonta mita 2 ne, kuma tana da wani ƙunshi a jikinta, shokozoba, madauri ne aka ninke aka ɗinke, idan mutum ya faɗo sai ɗinkin ya riƙa yagewa a hankali yana shanye ƙarfin fizgar, don a ƙa'idar Turai ƙarfin da zai isa jikin mutum kar ya wuce kilonyutin 6, kamar nauyin kilo 600 ke nan, a Amurka kuma hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki ta sa iyakar a nauyin fam 1,800, wajen kilonyutin 8. To wannan ƙunshin idan ya warware yana iya ƙara tsawon har mita 1.75. Ka ɗora tsayin mutum daga zoben da ke bayan bel ɗin, inda ake maƙala igiyar, zuwa tafin ƙafa da ɗan miƙewar da bel ke yi, a ce mita 2, ka ƙara mita 1 na rara, lissafin da ake koyarwa ya kama mita 6.75 na fili fayau a ƙarƙashin inda aka maƙala. Fitilar titi nawa ce, allon talla nawa ne, rumfar gidan mai nawa ce ake gyarawa a ƙasa da wannan tsayin? Kuma ko aikin a mita 15 yake, ai sai ka bi ta mita 3 da 4 da 5 wajen hawa da wajen sauka, kuma sau da yawa a wannan tsayin ake tuƙa injin daga wuri zuwa wuri, lokacin da ramin zai same ka ke nan. Mutum yana sanye da bel, ya maƙala ƙugiya, ya faɗo ya daki kwalta kafin igiyar ta gama miƙewa. Idan ma bai kai ƙasa ba, zai yi lilo ya daki hannun injin ko bango, sannan nauyinsa da ya fizgi kwandon daga waje yana iya girgiza injin ya cutar da abokin aikinsa da ke ciki.

Gajeriyar igiya tana kashe duk wannan lissafin. Injin ya yi majaujawar, ƙafarka ta tashi, igiya ta riƙe ka, ka dawo ka zube a cikin kwando, wata ƙila ka fasa leɓe ko ka bugu a haƙarƙari, amma kana ciki. Yadda za ka gwada kuwa ba wuya, ka maƙala, ka ja madaidaicin igiyar har sai ya zama kana iya tsayawa ka yi aikinka amma idan ka yi yunƙurin ɗaga ƙafa ka haura shingen ka ji ta riƙe ka. Ba laifi igiyar ta zo da shokozoba a jikinta, yana da kyau ma, muddin an rage tsawonta. Akwai kuma mai naɗe kanta kamar bel ɗin mota, tana da daɗin aiki, amma ba kowace ce aka yi ta don kwando ba saboda a kwando wurin maƙalawa yana ƙasa-ƙasa ne ba a saman kai ba, sai an duba abin da kamfanin da ya yi ta ya rubuta.

Sai wurin maƙalawa. Kowane kwando na kirki yana da zobe ko ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da aka yi walda musamman don wannan, yawanci akwai sitika a gefensa mai hoton ƙugiya, wani ma an rubuta mutum nawa zai ɗauka, akasari zobe ɗaya mutum ɗaya. Nan kawai ake maƙalawa. Bututun shingen ba a yi shi don ɗaukar fizga ba. Wanda ya fi tayar min da hankali kuma shi ne ɗabi'ar da ma'aikatan wuta suka taho da ita daga hawan falwaya, mutum ya saba idan ya hau fal ya zagaya bel ɗinsa a jikin fal ɗin, to ya shiga kwando ma sai ya zagaya igiya a jikin fal ko ƙarfen gini yana ganin ya fi ƙarfi. Ka yi tunani, kana ɗaure da fal, abokin aikinka a ƙasa ya taɓa maɓalli, ko haidirolik ya saki kwandon ya yi ƙasa, ko mota ta ture injin, kwando ya tafi ya bar ka, ko ya matse ka tsakanin shinge da igiya. Dokar OSHA ta hana wannan ƙarara, ba a ɗaure kai a fal ko gini ko wani inji na kusa alhali ana cikin kwando, kuma a wuri ɗaya ta ce ƙafa biyu a ƙasan kwando, ba zama a kan shinge, ba taka shi, ba saka tsani ko katako ko bokitin fenti a ciki don a ƙara tsawo. Idan hannunka bai kai ba, a matsar da injin, idan injin bai kai ba, ba shi ne injin wannan aikin ba.

Shi kansa bel ɗin, wanda ake nufi shi ne na jiki duka, mai bi ta kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, a lakabinsa za ka ga EN 361 idan na ƙa'idar Turai ne. Bel na ƙugu zalla irin na da, Amurka ta daina yarda da shi a matsayin abin cafke mai faɗowa tun 1 ga Janairun 1998, saboda duk ƙarfin fizgar a ciki da ƙashin baya yake sauka, kuma mutum yana iya zamewa ya fice idan ya juya kai ƙasa. Zoben baya ya zauna tsakanin allon kafaɗu biyu, madaurin ƙirji a tsakiyar ƙirji ba a maƙogwaro ba. Madaurin cinya shi ne wanda kowa yake sassautawa saboda zafi da takura, ni ma na san zafin watan Afrilu da bel a jiki ba daɗi, amma ma'aunin shi ne tafin hannunka a miƙe ya shiga tsakanin madauri da cinya, dunƙulen hannu kuma kar ya shiga. Idan ya yi sako-sako aka samu fizga, madaurin sama zai yi ya sami mutum a gabansa, raunin da ake ji a nan ba ƙarami ba ne. A fitar da makulli da waya da sukundireba daga aljihun wando, kuma doguwar riga ba kayan hawa kwando ba ce, tana tattarewa a ƙarƙashin madauri ta hana shi zama daidai. Hular kwano ma mai igiyar haɓa, in ba haka ba ita za ta fara tashi.

Mai almakashi kuma fa? A nan shawarar ta bambanta, kuma har yau ana jayayya a kai a wuraren aiki. IPAF ta ce a bisa al'ada ba a bukatar bel a injin da yake tashi sama ɗoɗar sai da wani dalili na musamman, OSHA ma tana ɗaukarsa kamar sikafol mai tafiya, shingen ya wadatar idan yana da kyau kuma an rufe ƙofa. Dalili shi ne ba shi da dogon hannun da zai yi bulala, sannan gindinsa siriri ne, wanda ya faɗo ta gefe da doguwar igiya yana iya jawo injin gaba ɗaya ya kife a kansa. Amma idan littafin injin ya ce a saka, ko dokar wurin aikin ta ce a saka, to a saka, da gajeriyar igiya a zoben da aka tanada. Haka kuma idan aikin a saman ruwa ne, gyaran gada ko bakin dam, a nan sai an zauna an auna, don idan injin ya kife cikin ruwa kana ɗaure da shi tare za ku nutse, shi ya sa a irin wannan wurin rigar ruwa takan maye gurbin bel.

Akwai abubuwan da bel ba ya maganinsu, kar mutum ya saka ya ji ya gama. Idan injin ya kife tare za ku tafi, maganin wannan a ƙasa yake, a duba ƙasar, a san inda sokawe da kwalbati suke, a sa faranti ko katako mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun tokare, kar a wuce nauyin da aka rubuta a kwando wanda a da yawa wajen kilo 230 ne har da kayan aiki. Iska ma haka, yawancin injinan waje iyakarsu mita 12.5 a daƙiƙa, kilomita 45 a awa ke nan, kuma mun san irin iskar da take riga ruwan farkon damina zuwa, minti kaɗan ta tashi, ga mutum a sama riƙe da fallen kwano ko ledar allon talla da iska za ta samu abin kamawa. Wuta kuwa ba ruwanta da bel, yawancin kwandunan nan ƙarfe ne zalla, manyan layukan wuta na 11 da na 33 da suka ratsa unguwanninmu ba sai ka taɓa su ba, kusantar ma ta isa wutar ta yi tsalle, mafi ƙarancin tazarar da OSHA ta sa ƙafa 10 ne, wajen mita 3, kuma abin da ya fi shi ne a sa a kashe layin kafin a fara.

To a ce duk da haka wani ya fita daga kwando yana reto a igiya. Mutane suna ganin an tsira, alhali agogo ne ya fara bugawa. Mutumin da yake rataye a tsaye ba ya motsa ƙafa, jini yana taruwa a ƙafafunsa ba ya komawa zuciya yadda ya kamata, sai jiri, sai gumi, sai tashin zuciya, sai suma, kuma wanda ya suma a ƙasa faɗuwa yake ya kwanta jinin ya koma kai, shi kuwa wannan bel ya riƙe shi a tsaye. Binciken da hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata a Birtaniya ta fitar a 2009 ya nuna yawancin masu lafiya alamun suma suna zo musu cikin awa 1, kashi 1 cikin 5 kuma cikin minti 10 kacal. Idan yana cikin hayyacinsa a riƙa yi masa magana, ya riƙa motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke, ya taka wani abu in akwai, wasu bel ɗin suna zuwa da ɗan madaurin da ake warwarewa a taka. Da can ana koyar da cewa idan an sauko da shi kar a kwantar da shi, a bar shi a zaune, wannan binciken bai samu hujjar hakan ba, ya ce a yi masa taimakon farko irin na kowa, wanda ya suma a kwantar da shi a kula da numfashinsa, sannan asibiti ko da ya ce ya warke.

Sauko da shi kuma aikin na ƙasa ne. Kowane inji yana da maɓallan sarrafawa a gindi da kuma hanyar saukar gaggawa ko da injin ya mutu, wani famfon hannu ne, wani ƙaramin batir, wani wata 'yar waya ce ake ja. Sau nawa na ga an bar yaro a ƙasa aikinsa kawai ɗaga wa motoci jan ƙyalle, ka tambaye shi ina ake sauke kwandon nan in oga ya suma a sama, bai sani ba, wani lokacin ma makullin yana aljihun wanda yake saman. Kafin a tashi sama a kira na ƙasa a nuna masa, ya gwada da hannunsa sau ɗaya kwandon yana wofi, minti 5 bai cika ci ba.

Na ƙarshe shi ne lafiyar bel ɗin kansa, don da yawa daga waɗanda suke yawo a wuraren aikinmu na gwanjo ne, ba wanda ya san tarihinsu, wata ƙila ma an taɓa faɗowa da su aka jefar aka kwaso. Bel ko igiyar da ta taɓa cafke mutum ta gama aiki, a yanka ta da wuƙa kafin a jefar don kar wani ya tsinta. Kullum kafin ka saka ka bi madaurin da yatsu taki-taki kana lanƙwasa shi, kana neman yanka, ko gashi-gashi, ko inda tartsatsin walda ya ƙona ya yi tauri, ko inda fenti da tina da ruwan batir suka taɓa, ka duba ɗinki, ka duba ƙunshin shokozoba ko ya fara buɗewa, ka danna ƙugiya ka saki ka ji ta rufe da kanta ta kulle. A Birtaniya bayan wannan dubawar ta kullum, wanda ya san aikin yana yi masa duba na musamman a rubuta duk wata 6, idan aikin mai wahalar da kaya ne kamar rusau ko kafa ƙarfe duk wata 3, shi ma injin da yake ɗaga mutane duk wata 6 ake masa cikakken bincike. Ranarmu kuma tana cin madaurin nan fiye da yadda ake zato, wanda aka bari a bayan a-kori-kura wata da watanni launinsa ya koɗe, ƙarfinsa ma ya tafi tare da launin. A wanke shi da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, a rataye shi a ɗaki ko a sa a jakarsa, nesa da galan ɗin mai da batir.